Gwajin ƙoda ga tsofaffi: wanne za a nema?

Duk wanda ya taɓa raka tsoho ɗibar jini ya san wahalar neman jijiya. A soka nan, a soka can, washegari wurin ya yi baƙi. Shi ya sa mutane ke tambaya ko akwai gwajin ƙoda da ba sai an zuƙi jini da sirinji ba. Akwai, amma kowanne da iyakarsa.

Wanda aka saba yi shi ne na kiriyatinin, kuma shi ya fi araha. Kiriyatinin datti ne da tsoka ke fitarwa, ƙoda ta tace shi. To, tsohuwar da ta rame tsokarta kaɗan ce, don haka sakamakonta kan fito lafiya lau alhali ƙodar ta yi rauni. Kada ku karɓi lambar kiriyatinin tsurarta. Ku ce a fitar muku da eGFR, wato ƙiyasin ƙarfin tacewar ƙoda, wanda ake lissafawa da lambar kiriyatinin da shekaru da jinsin mutum. Idan ya zauna ƙasa da 60 har tsawon wata uku, ciwon ƙoda ne mai daɗewa. Kuma kada Baba ya ci tsire ko kilishi cikin awa 12 kafin gwajin, domin nama na ɗaga lambar.

Na biyu shi ne na ɗan yatsa, irin yadda ake auna suga. Na'ura kamar StatSensor ɗigo ɗaya take buƙata, cikin daƙiƙa 30 ta ba da amsa. Ga tsohon da ke kwance, ko wanda jijiyarsa ta ɓuya, wannan sauƙi ne babba. Sai dai kiriyatinin ɗin ne dai take aunawa, kuma ba ta kai ɗakin gwaji daidaito ba. In lambar ta fito da damuwa, dole a sake da jinin jijiya.

Ni a ganina, inda ƙarin kuɗi ya cancanta shi ne gwajin sistatin C, wani sinadari a jini da ƙoda ke tacewa. Bai damu da yawan tsoka sosai ba, kuma ƙa'idojin 2024 na KDIGO, ƙungiyar ƙwararru kan ciwon ƙoda ta duniya, sun ba da shawarar haɗa shi da kiriyatinin idan ana son sahihin lissafi. Da jinin jijiya ake yi, amma ɗiba ɗaya ta ishi gwajin biyu. Ku gaya wa likita idan mara lafiya na shan firednisolon, maganin kumburi, ko yana da ciwon maƙoƙo, domin suna karkatar da sakamakon. Ba kowane ɗakin gwaji ke yinsa ba, ku tambaya kafin ku ɗauko tsoho daga gida.

Akwai kuma na iyoheksol, wani sinadari da ƙoda ke fitarwa: a yi allurarsa a jijiya, sannan a riƙa ɗiga jinin yatsa a kan takarda ta musamman cikin 'yan awanni don ganin saurin fitarsa. Ya fi sauran daidaito, amma na manyan cibiyoyi ne da masu bincike. Yawancin tsofaffi ba sa buƙatarsa.

Wanda ake yawan mantawa kuwa ba allura a cikinsa: auna albumin, wani furotin na jini, a fitsarin safe. Ga mai ciwon suga ko hawan jini, sau da yawa fitsari ne ke fara nuna matsala, daga 30 mg/g zuwa sama. Ku nemi a haɗa shi da eGFR aƙalla sau ɗaya a shekara. Ku kuma tafi da duk magungunan da tsohon ke sha a leda, likita ya gani: metfomin, maganin ciwon suga, ana dakatar da shi idan eGFR ya sauka ƙasa da 30, kuma dikilofenak ɗin da ake saya a kemis don ciwon gwiwa yana cutar da ƙodar da ta riga ta gaji.