Maganin maiƙon kicin: wanne ya cancanci kuɗinku?

Duk mai gidan abinci a unguwar Nima ko Mamobi a Accra da ke sauke wake da shinkafa ko tuwon zafi tukunya-tukunya ya san warin nan da ke tasowa daga ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Yawanci daga akwatin tare maiƙo yake fitowa. Ruwan wanki na shiga ciki, maiƙo ya taso sama, guntayen abinci su kwanta ƙasa, ruwa ya wuce kwata. A girkinmu akwatin nan yana shan wahala, domin manja da man kaɗanya da kitsen shanu duk daskarewa suke yi da zarar sun huce.

In kun je sayen maganin maiƙon, abu uku za a nuna muku. Na farko sodar da ake yin sabulu da ita. Tana da araha, amma sunanta ya faɗi aikinta: in ta haɗu da maiƙo sabulu take mayar da shi, ya ƙanƙame a bututu, ga ƙona hannu da ido. Ku bar ta.

Na biyu ruwan narkar da maiƙo, wanda sau da yawa enzayim ne zalla, wato sinadarin da ke farfasa maiƙo, ko wani sinadari mai kama da sabulun ruwa. Shi ne ya fi yaudarar mai saye. A zuba da dare, da safe a ga akwati fes. To ina maiƙon ya tafi? Gaba ya yi, ya sake daskarewa a bututunku ko a kwatar unguwa. Kwatar Nima kuwa a kogin Odaw take zubewa, kuma duk wanda ya ga ambaliyar 3 ga Yuni 2015 ya san abin da toshewar magudana ke jawo wa Accra. Toshe magudana da yake jawowa ne ya sa birane da dama a Amurka suka hana amfani da irin wannan magani.

Na uku, wanda ni nake ganin ya cancanci kuɗi, shi ne mai ƙwayoyin bakteriya masu rai, galibi dangin Bacillus. Su cinye maiƙon suke yi a hankali, suna rage wari da kaurin abin da ke manne wa bututu. Amma da yake masu rai ne, sai an lallaɓa su. Tafasasshen ruwa na kashe su, bilic ma haka. In yaranku sun saba juye ruwan zafin tukunya da bilic kowane dare, Hajiya, kuɗinki kawai za ki zubar. A sa maganin bayan an gama wanke-wanke an rufe famfo, ya samu dare guda yana aiki.

Yana zuwa a ruwa, a gari, ko a dunƙule. Na ruwa ya fi sauƙin awo, kuma shi ake haɗawa da ɗan injin da ke ɗiga shi da kansa. Wannan sai babban kici irin na otal. Na gari ya fi jure ajiya, sai dai a jiƙa shi da ruwa mai ɗumi kaɗan, kuma wani ya riƙa tunawa kullum. Dunƙulen rataya shi ake yi a cikin akwati yana narkewa sannu a hankali, ya dace da wurin da ma'aikata ke yawan canjawa. Kowanne kuka ɗauka, ku duba an rubuta sunan bakteriyar da yawanta da ranar lalacewa. Wanda ya kwana biyu a rana a bakin shago, ku wuce shi.

In mai sayarwa ya ce da maganinsa an daina kwashe akwati, kada ku yarda. Bakteriya ba ta cin ƙashi, yashi ko tarin shinkafa. Ku zura sanda ku auna: in maiƙon sama da dattin ƙasa sun kai kashi ɗaya cikin huɗu na zurfin ruwan, a kwashe, a ƙulle a kai shara. Kuma kafin tukunya ta shiga ruwa, a kankare maiƙonta a wani gwangwani daban.