Shagon mayo da balo na kusa da Kasuwar Dole, ga abin da muka gani bayan wasa 4

Salamu alaikum 'yan uwa masu son ƙwallo na Damagaram. Mutane sun dame ni da tambaya a fada, wai ina muka samo mayo ɗin nan kore da yaran fakiltenmu suke sawa bana, shi ya sa na ce bari in rubuta a wuri ɗaya kowa ya huta. Wani ƙaramin shago ne kusa da Kasuwar Dole, na wani dattijo Alhaji, kayan wasanni kaɗai yake sayarwa, yawanci daga Kano yake ɗauko su, kuma yana da injin manna lamba a bayan riga.

Ni aka danƙa wa kuɗin karo-karo, to kun san halin mutanenmu, kowa ya ba da jaka ɗaya sai ya ga kamar shi ne mai ƙungiyar. Wannan ya ce sai irin mayon Real, wancan ya ce sai takalmi mai dogon haƙori irin wanda ake gani a tele, alhali manyan 'yan wasanmu duk sun gama lisans bara sun tafi, cikin 11 da ke shiga fili yanzu 8 sababbin bak ne, wasunsu ma ba su taɓa buga minti 90 da arbit a tsakiya ba, ƙwallon unguwa kawai suka sani.

Da na shiga na karanto mishi jerin abin da aka aiko ni, sai ya ce ɗana tsaya, a wane fili za su yi wasa? Na ce filin ƙasa ne, rairayi da tsakuwa. Ya ce to wannan mai dogon haƙorin na ciyawa ne, a busasshiyar ƙasa ba ya shiga, yaro zai ta turguɗewa ne ya ɓata idon sawu. Ya jawo min wani mai ƙananan haƙora da yawa na roba, ya fi wancan araha nesa ba kusa ba. Wallahi nan na fara ganin girmanshi, don da ya yi shiru da ya ci riba ninki. Haka mayo, ya hana ni ɗaukan mai kauri mai ƙyalli, ya ce ka tuna zafin watan Afrilu a garin nan da yake wuce 40, ɗauki mara nauyi mai ƙananan huji, ragowar kuɗin ka ƙara balo, ƙungiyar da take koyo balo take buƙata ba ado ba. Mun ɗauki balo 4 masu girman lamba 5, ya haɗa mana da famfo da allura kyauta, ya kuma gargaɗe ni kar mu cika iska har ya zama dutse. Ɗaya ƙaya ta riga ta huda shi, sauran 3 suna nan lafiya.

Inda ban ji daɗi ba shi ne wajen lambobi. Ya ce min kwana 2, sai da muka yi 5, wai rashin kuran, to wannan na yarda don mu ma muna gani. Amma lamba 7 da 14 sun fara ɓarewa tun wanki na uku, yaron shagon ne ya yi gaggawa bai bar injin ya yi zafi sosai ba. Na mayar, Alhaji ya ba da haƙuri ya sake manna su da hannunshi bai karɓi ko dala ba, ya ce a dinga juya rigar kafin wanki kuma kar a sa mata guga. In za ku je ku tsaya kan a yi muku a gabanshi.

To sai maganar da take ci min rai. Tunda aka ga yara cikin sababbin kaya sai 'yan kallo suka ɗauka kofi ya riga ya zo gida. Wasa 4 muka yi, an ci mu 2, kunnen doki 1, muka ci 1. A wasa na biyu golanmu, wani yaro daga Mirriah da bai kai shekara 20 ba, balo ya sulluɓe mishi ta tsakanin ƙafa, ai kuwa namu mutanen ne suka fara yi mishi ihu, har da masu cewa a cire mishi rigar kuɗinsu ce. Bayan an tashi na same shi ƙarƙashin dogon yaro ya kifa kai a gwiwa, safar hannunshi duk ta yage wajen babban yatsa, ya kasa ko shan ruwa. Raina ya ɓaci sosai ranar, yaron nan kullum shi ne farkon zuwa atisaye.

Ashe Alhaji yana wurin, ya rufe shago bayan la'asar ya zo ganin yadda kayanshi suke a fili. Shi ya tsugunna kusa da yaron yana tuna mishi da Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙasar Nijar, karon farko da suka je gasar kofin Afirka a 2012 duk wasanninsu 3 cin su aka yi, Gabon da Tunisiya da Maroko, sai a 2013 a Afirka ta Kudu suka samu makinsu na farko da suka tashi babu ci da Kwango Kinshasa, ga shi kuwa har da su Moussa Maazou a ciki. Ya ce ɗana in ƙwararru sun sha haka kai da ka fara jiya mene ne naka na kuka, tashi ka wanke fuska. A wasa na huɗu, wanda shi ne muka ci, yaron nan ne ya tare fenariti a ƙarshe.

Don haka in ƙungiyar makaranta ce ko ta unguwa da ke farawa, ni dai ina ba da shawarar shagon nan, ku je da safe kafin kasuwa ta cika don ya samu lokacin yi muku tambayoyinshi. Safar gola ce kawai ba shi da masu kyau yanzu, ya ce sai ya dawo daga Kano, na riga na bar mishi kuɗin guda ɗaya.