Na biya an tsara mana hutun bazara na farko a arewacin Mishigan: abin da na gani

Tun watan Fabrairu nake buɗe taswirar arewacin jihar Mishigan ina rufewa. Ni da maigidana mun yanke shawarar bana za mu kai yara hutun bazara bakin manyan tafkunan Amurka, mu kuma taka tsibirin Mackinac da ba a hawa mota a cikinsa. Ba mu taɓa irin wannan tafiya ba. A taswira garuruwan kamar a jere suke, Traverse City, Charlevoix, Petoskey, Harbor Springs, amma da na zauna in raba kwana bakwai a tsakaninsu sai kaina ya kulle. Daga ƙarshe na biya wani ƙaramin kamfani mai tsara wa mutane tafiya. Aikinsu shi ne su yi hira da kai ta waya, su rubuta maka jadawalin kowace rana, su kama maka ɗakunan kwana da tikitin jirgin fito. Ladan aikin bai kai kuɗin kwana ɗaya a otal ɗin da muka sauka a tsibirin ba. Na ji daɗin aikinsu fiye da yadda na ji haushinsa, amma akwai inda suka cuce mu, kuma ba zan rufe ba.

Matar da ta yi hira da ni ta ɗauki kusan minti arba'in tana tambayoyi. Shekarun yaran nawa, sun iya keke, ƙarfe nawa suke barci, akwai mai jin jiri a jirgin ruwa. Ita ce ma ta fara gyara min sunan tsibirin: ana rubuta shi Mackinac, amma Makino ake cewa. A kan tsibirin ne kuma muka yi gardama. Ni so nake mu shiga da safe mu fito da yamma, domin na ga tsadar ɗakunan can, sun ninka na babban yanki. Ta ce idan haka zan yi, to zan ga cunkoso da shagunan alewa in dawo in ce na ga Makino. Ta nace sai kwana biyu. Na amince ina ƙorafi a raina, ina zaton ko tana da kamasho ne a wurin masu otal.

Bari in fara da inda suka yi mana ba daidai ba, tunda shi ya fara zuwa. Daga Detroit muka ɗauki hanya, tuƙin kusan awa huɗu zuwa Traverse City. Muna shiga gari muka tarar da shi a cike maƙil. Ashe makon bikin 'ya'yan ceri ne, wanda ake yi duk shekara a farkon watan Yuli, domin yankin shi ne cibiyar noman ceri mai tsami a ƙasar. Mun fi rabin awa muna zagaye muna neman inda za mu ajiye mota. Ba na ƙin biki, yaran ma sun so shi. Abin da ya ɓata min rai shi ne ba a faɗa min ba. Wanda sana'arsa ke nan ya san wannan mako kamar yunwar cikinsa, ya san ɗakuna suna tashi a lokacin, ya san titunan bakin ruwa suna toshewa. Da an ce min ga abin da ke akwai, kina so ko mu juya tafiyar mu faro ta daga arewa, da ni na zaɓa da kaina. Jimla ɗaya ce a waya, kuma ba a yi ta ba.

Rana ta biyu ta fi muni. Jadawalin ya ce da safe mu hau tudun yashi a Sleeping Bear, mu bi hanyar kallo ta Pierce Stocking mai tsawon kilomita 12, mu ci abincin rana a Leland cikin tsofaffin bukkokin masunta, sannan mu koma mu haura zirin ƙasar Old Mission mu kalli faɗuwar rana a gindin hasumiyar fitilar jiragen ruwa. A takarda komai ya zauna daram. Wanda ya rubuta ya lissafa tuƙi ne kawai, bai lissafa yaro mai shekara 6 a cikin yashi ba. Tudun nan kana taku biyu kana zamewa ɗaya, kuma da ka kai abin da kake zaton ƙololuwa sai ka ga wani tudun a gabanka. Zuwa ƙarfe 11 yashin ya ɗauki zafi. Autana ya cire takalmi don yashi ya cika shi, ya taka sau uku, ya daka tsalle ya maƙale a wuyan babansa, haka aka sauko da shi. A wurin tsayawa na gaba, inda gangaren ke sauka kusan mita 137 zuwa tafkin Mishigan, akwai allo da ke gargaɗin cewa wanda ya gangara ya kasa hawowa zai iya biyan dala 3,000 kuɗin ceto. Mun ga mutane can ƙasa suna rarrafe da hannu da ƙafa. Wurin ya cancanci yini guda cur, ka zauna ka kalli ruwan da ba ka ganin ƙarshensa, shuɗi mai duhu daga nesa, kore-kore a kusa da gaɓa. Mu kuwa muna kallon agogo. Ga kuma abin da jadawalin bai yi la'akari da shi ba: a wannan yanki rana ba ta faɗuwa a farkon Yuli sai wajen ƙarfe 9:30 na dare. Yaran da suka saba barci ƙarfe 8 ba za su kai ba. Ba mu je Old Mission ba, kuma ban yi nadama ba.

Daga nan abubuwa suka fara daidaita. Charlevoix mun yi mata 'yan awoyi ne kawai. Gari ne da ke zaune tsakanin tafkin Mishigan da wasu tafkuna biyu, kuma gadar tsakiyar garin tana dagawa duk rabin awa don jiragen ruwa su wuce. An rubuta mana wannan a jadawali, don haka muka ajiye mota muka tsaya kallo a ƙafa maimakon mu maƙale a layi. Mun kuma zaga gidajen dutse masu rufi kamar laimar kwaɗi da Earl Young ya gina.

Petoskey ce ta sace zuciyar babbar 'yata, saboda duwatsunta. Wani irin murjani ne da ya daskare ya zama dutse tun kimanin shekara miliyan 350 da suka wuce, lokacin da teku mai ɗumi ya rufe yankin, kuma tun 1965 shi ne dutsen jihar a hukumance. Idan ya bushe ba ka bambanta shi da kowace tsakuwa mai launin toka. Sai ya jiƙe zanen ke fitowa, gida-gida masu kusurwa shida kamar saƙar zuma, kowane da ɗan ɗigo a tsakiya. A ƙasan shafin ranar matar ta rubuta cewa mu nema a daidai inda igiyar ruwa ke lasar gaɓa, mu kuma riƙe gorar ruwa don jiƙa na sama. Yarinyar ta duƙa fiye da awa guda, ƙafafunta sun yi ja don sanyin ruwan, ta ƙi fitowa. Da ta samu na farko, ɗan ƙarami kamar ƙwan tantabara, ta taho da gudu tana tafe da shi a tafin hannu cikin ruwa don kada zanen ya ɓace kafin in gani. "Umma, duba kafin ya bushe!" Irin wannan ɗan bayanin shi na biya kuɗi a kai. Haka ma gargaɗin da suka yi mana mu ɗauki rigunan sanyi ko da bazara ce. Da yamma iskar tafkin tana shiga jiki sosai.

Shiga tsibirin an tsara shi tsaf. A Mackinaw City, garin da ake hawa jirgin fito, ake barin mota, a liƙa wa kowace jaka takarda mai sunan otal, ba ka sake ɗaukarta sai ka tarar da ita a can. An zaɓa mana jirgin safe da ke ratsawa ta ƙarƙashin gadar Makino kafin ya nufi tsibirin. Ba kowane jirgi ke bi ta nan ba, kuma da ni kaɗai ce da ban san in tambaya ba. Gadar da aka buɗe a 1957 tsawonta kusan kilomita 8, ta haɗa ɓangarori biyu na jihar a daidai mashigin da tafkin Mishigan ke haɗuwa da tafkin Huron. Daga ƙasa ana jin gurnanin motoci a kan ragar ƙarfen da ke tsakiyarta.

Gaskiya awa ukun farko a tsibirin na ce a raina mun yi asara. Babban titi ya cushe da masu yini, kekuna, kekunan doki, warin kashin dawaki gauraye da ƙamshin alewar nan tasu mai laushi da ake tuƙawa a kan teburin marmara a gaban jama'a. Muka haura sansanin sojan da Turawan Ingila suka gina a 1780, muka ga an harba igwa, muka sauko a gajiye. Otal ɗinmu tsohon gini ne na katako, babu lif, ɗakinmu a hawa na uku, abin da shi ma ya kamata a ce an sanar da mu.

Sai yamma ta yi. Jirage suka riƙa kwashe mutane, titi ya riƙa yin fili. Wajen ƙarfe 8:30 muka fito baranda, ba abin da ake ji sai ƙwas-ƙwas na kofato daga nesa da ƙarar igiyoyi a jikin jiragen da ke daure. Autana ya ce, "Abba, garin ya yi shiru." Tun 1898 aka hana motoci a tsibirin, bayan masu kekunan doki sun kai kuka cewa suna firgita musu dabbobi, kuma in ban da motocin gaggawa da na wasu ayyukan hukuma har yau haka abin yake. Na karanta wannan tun kafin mu zo, amma sai a daren nan na ji shi da kunnena. Na daɗe ban kwana a wurin da babu ƙarar inji ko ɗaya ba.

Washegari ƙarfe 8 muka ɗauki hayar kekuna kamar yadda aka rubuta mana, kafin jiragen safe su fara sauke jama'a da yawa. Hanyar da ta zagaye tsibirin, M-185, kilomita 13 ce, shimfiɗaɗɗiya, ruwa a gefe guda, itatuwa da dutsen farar ƙasa a ɗaya gefen. An ɗaura wa keken babansu ɗan guntun keke a baya, autan ya zauna yana taka nasa fedar. Muka tsaya muka hau matakala 207 zuwa Arch Rock, wani dutse da ruwa da iska suka huda ya zama kamar bakin ƙofa, kusan mita 44 sama da tafkin. Mu huɗu ne da wasu tsofaffi biyu. Da muka sake bi ta wurin da la'asar a keken doki, layi ake yi don ɗaukar hoto. A tsakiyar zagayen muka huta a British Landing, inda sojojin Ingila suka sauka cikin dare a Yulin 1812, suka ja igwa zuwa tudun da ke bayan sansanin, sojojin Amurka da ba su ma san an shelanta yaƙi ba suka miƙa wuya. Kusan kashi 80 cikin 100 na tsibirin gandun shaƙatawa ne na jiha, kuma mafi yawan masu yini ba sa wuce titi biyun da ke bakin tashar jirage. Matar tana da gaskiya, ni ce ban sani ba, kuma zargin kamasho da na yi mata a raina bai dace ba.

Kuɗin tsibiri kuwa suna tafiya ta ƙananan ƙofofi. Hayar keke da awa ake lissafawa, ka ninka sau uku ko huɗu. Shiga sansanin da kuɗi, keken doki da kuɗi. Grand Hotel, wanda aka buɗe a 1887 mai baranda ta kusan mita 200, yana karɓar kuɗin shiga daga wanda ba a can ya sauka ba, kuma da yamma akwai ƙa'idar sutura. An ambata mana kowanne a wurinsa, amma ba a tara su wuri guda an ce ga jimilla ba. Mun wuce kasafinmu na tsibirin da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Da muka dawo na rubuta musu game da makon biki da ranar Sleeping Bear. Sun amsa cikin kwana biyu, sun karɓi laifin ba tare da kwana-kwana ba, sun ce ya kamata a tambaye ni. Ba su mayar da ko sisi ba, ni ma ban nema ba.

Wanda zai je yankin karon farko, musamman da ƙananan yara, ina ganin biyan irin wannan kamfani ya dace. Amma kafin ka amince da jadawali, ka tambaye su ko akwai wani biki a garuruwan a makon da za ka je, ka sa su cire abu ɗaya daga duk ranar da ta ƙunshi fiye da uku, ka kuma nemi jimillar ƙananan kuɗaɗe a rubuce. Idan suka ce ka kwana a tsibirin, ka kwana.

Baɗi da kaina zan tsara, domin yanzu na san hanya: kwana uku a Petoskey, yini guda cikakke a Sleeping Bear, kwana biyu a Makino, kuma a ƙarshen Agusta lokacin da ruwan ya ɗan yi ɗumi. Duwatsun da 'yata ta tsinto guda biyar suna cikin kwalbar ruwa a kan tagar ɗakinta, tana canza musu ruwa duk mako.