Kwana bakwai a kan keken haya, daga Tours zuwa bakin teku

Yayana ne ya jawo wannan tafiya. Ya kawo mini ziyara Tours, wani gari a ƙasar Faransa, a watan Yuni, kwana uku kacal ya yi ya ce zaman ɗaki ya ishe shi. Wata safiya muna tsaye a bakin kogin Loire sai ga wasu tsofaffi mata da miji sun wuce a kekuna, jakunkuna maƙale a bayansu. Ya tambaye ni ina suka nufa, na ce teku. Ya bi su da kallo har suka sha kwana, sannan ya ce, "Waɗannan? To mu me ya hana mu?"

Haka muka je wani kamfanin hayar keke a cikin gari. Suka ba mu kekuna biyu, kowanne da jaka biyu a gefen kariya, da hular kwano, da famfo, da ɗan akwatin kayan faci. Su suka kama mana ɗakunan kwana, kuma motarsu ce ke ɗaukar manyan akwatunanmu kullum da safe ta kai masauki na gaba. In an tambaye ni wanne ne ya ci kuɗinsa a cikin waɗannan, ɗaukar kayan nan ne. Keke ana samunsa ko'ina, amma ka wuni kana tuƙi ba komai a bayanka sai ruwa da burodi da sallaya, wannan daɗinsa daban ne.

Sunan hanyar La Loire à Vélo, tsawonta kilomita 900, daga Cuffy kusa da Nevers har Saint-Brevin-les-Pins inda kogin ke shiga tekun Atilantika. Mu ko rabi ba mu yi ba. Ba ni da ƙorafi a kan hanyar kanta. Duk mararraba akwai ɗan allo mai hoton keke da sunan gari na gaba, har taswirar da aka ba mu ta zama abin fifita. Wani wurin hanyar keke ce zalla, wani wurin kuma ƙaramin titin ƙauye ne da za ka daɗe ba ka ga mota ba.

Inda kamfanin ya rage mana zance shi ne batun iska. Mai shagon ya ce hanya shimfiɗaɗɗiya ce, gangaren ruwa za mu bi, ko yaro zai iya. Bai yi ƙarya ba, tudu kaɗan ne. Sai dai iskar yankin yawanci daga teku take tasowa, wato daga yamma, mu kuwa yamma muka fuskanta. Akwai wuraren da hanya ke hawa kan doguwar ganuwar ƙasa da aka yi don tare ambaliya, ba bishiya ba gini. A nan za ka taka feda har cinya ta yi zafi, keke na tafiyar hawainiya, ga masu tahowa daga ɗaya ɓangaren suna wucewa fuu suna ɗaga maka hannu. Keken kuma mai nauyi ne, sirdinsa fanƙameme mai laushi, irin wanda za ka yaba a shago ka tsine masa a rana ta biyu.

Tsakanin Montsoreau da Saumur ne muka manta da gajiya. A wajen Souzay-Champigny hanya na kutsawa cikin koguna da aka sassaƙa a jikin farin dutse. Daga irin waɗannan ramuka aka haƙo dutsen da aka gina manyan fadojin yankin, daga baya mutane suka mayar da su gidaje da ɗakunan ajiya, wasu ma ana noman laimar kwaɗi a ciki. Kana fitowa daga rana ka shiga, sanyi ya buge ka kamar an buɗe firji. Yaya ya sauka daga keke yana shafa bango, ya kankare shi da farce, ya ce dutsen nan ai bai fi kanwa tauri ba.

Abinci sai da lura. Abin da Tours ta yi suna a kai, rillettes, naman alade ne, kuma shi ake yawan cusawa a cikin fouée, ɗan burodin nan mai kumbura da ake gasawa a Saumur. Mukan ce a zuba mana wake ko cukun akuya. Cukun Sainte-Maure, dogo mai tsinken kara a tsakiyarsa, shi ya riƙe mu kwanaki. Gidajen abinci kuwa daga sha biyu zuwa biyu suke ba da na rana, in ka makara sai dare. Magariba ba ta yi sai wajen ƙarfe goma, don haka ba mu taɓa tsoron duhu ya riske mu a hanya ba.

Litinin ce ranar wahala, tsakanin Angers da Ancenis. Tayar bayana ta sace a wani ƙauye da komai nasa ke rufe, har gidan burodi. Na kira lambar da kamfanin ya ce a kira in an samu matsala, ta yi ta ringin ba a ɗauka ba. Ina ta safa da marwa da waya a kunne, ashe Yaya ya riga ya kifa keken. Ya zare robar ciki, ya ɗan hura mata iska, ya gangara bakin ruwa ya riƙa nutsa ta kaɗan-kaɗan har kumfa ya nuna masa hujin. Ya goge wurin, ya shafa gam, ya tsaya yana hura shi da baki. Na ce, "Yaya, manna mana mu tafi." Ya ce, "Kai dai ba ka san faci ba. Sai ya sha iska tukuna." Shekarunsa nawa yana zuwa makaranta a kan tsohuwar Raleigh ta Baba. Facin nan bai saki ba har muka mayar da keken. A ranar ne kuma akwatunanmu ba su iso masauki ba sai wajen tara na dare, muka zauna da kayan gumi muna jira. Washegari sun ba da haƙuri, sau ɗaya ne kuma hakan ta faru, amma lambar gaggawa da ba a ɗauka na nan a raina.

Ɗakunan duk masu alamar Accueil Vélo ne, wato suna kusa da hanya kuma suna da wurin kulle keke. Tsaf suke, ba wani abin labari.

Bayan Nantes muka haye kogi a jirgin fito zuwa Le Pellerin, kyauta, muka bi gefen magudanar Martinière miƙaƙƙiya, iska na ta aikinta. Tun daga nesa ake hango gadar Saint-Nazaire, wadda aka buɗe a 1975, tsawonta ya haura kilomita 3. A bakin tekun Saint-Brevin akwai ƙwarangwal ɗin wani ƙaton maciji na ƙarfe, mita 130, ruwa na rufe shi yana janyewa. Daga nan muka kama La Vélodyssée, hanyar da ta taso daga Roscoff har Hendaye a iyakar Sifen, muka yi wuni guda a kanta zuwa Pornic. Nan hawa da gangara sun fi yawa, ga bukkokin masunta a kan dogayen sanduna, kowacce da koma mai kusurwa huɗu tana reto a gabanta.

Zan sake hayar keke a wurinsu, amma da sirdina zan je, kuma daga teku zan faro in bar iska a bayana. A Pornic muka miƙa kekunan muka hau jirgin ƙasa zuwa Nantes. Kujeru fayau ba kowa, amma Yaya a tsaye ya yi tafiyar, riƙe da ƙarfe. Na nuna masa kujera, ya girgiza kai ya ce shi da zama sai jibi.