Clairefontaine ko Tomoe River: wace takarda ce ta fi dacewa da alƙalamin tawada?

Ɗan'uwa, ka ce ka samu alƙalamin tawada, ka yi rubutu da shi a littafin da ka saba amfani da biro, sai haruffan suka yi gashi-gashi, tawadar kuma ta ɓullo ta bayan shafin. Tambayarka ita ce: ka nemi littafi mai takarda mai kauri irin na Clairefontaine, ko ka gwada siririyar takardar nan ta Japan, Tomoe River? Na daɗe ina rubutu a kan duka biyun, don haka bari in jera maka su.

Kafin nan, ka cire batun kauri daga ranka, domin ba shi ke riƙe tawada ba. Tawadar biro mai kauri ce, mai ne a cikinta, inda ka ajiye ta nan take zama. Ta alƙalami kuwa ruwa ce da rini, ita kuma takarda zaruruwan itace ne da aka danne wuri guda, kuma zare yana jan ruwa kamar lagwani. Abin da ke hana wannan naso shi ne maganin da masana'anta ke zubawa a cikin kwaɓin takardar, da kuma shafen sitaci da ake yi wa fuskarta. In an yi wannan aikin da kyau, tawada za ta zauna a sama har ta bushe. In an yi ƙwauronsa, ko takardar ta kai kaurin kwali sai ta sha. Littafinka ba lalatacce ba ne, da biro aka yi lissafinsa.

Dubi nauyinsu. Ana auna takarda da giram a kan murabba'in mita ɗaya. Ta Clairefontaine, wadda ake yi a yankin Vosges na Faransa a masana'antar da ta faro tun 1858, giram 90 ce. Rhodia, wani tambarin littattafan rubutu da ya koma hannun kamfanin Clairefontaine a 1997, yawancin ƙananan littattafanta giram 80 ne, kuma halinsu kusan ɗaya, don haka duk abin da na faɗa kan ɗaya ya shafi ɗayar. Tomoe River kuwa giram 52 ce kacal, ta fi takardar fotokofi ta giram 80 siranta nesa ba kusa ba. Amma ka ɗiga mata tawada ka juya shafin: babu abin da ya ɓullo. Ta fotokofi mai arha kuwa sau da yawa ba ta jure hakan.

A kan naso da ɓullowa ta baya, kunnen doki suka yi, babu wadda za ta ba ka kunya. Inda suka rabu shi ne inuwa. Inuwa daban, ɓullowa daban: tawadar ba ta ratsa ba, sirantar takardar ce ta sa kake hango rubutun ta baya. A Clairefontaine da ƙyar za ka lura. A Tomoe River kuwa kana cika shafi da baƙar tawada, bayansa zai nuna maka kowane layi dishi-dishi. Wasu ba su damu ba. Wasu kuwa abin yana hana su karatu, sai su koma rubutu a fuska ɗaya.

Amma launi! A nan Tomoe River ta saye ni. Saboda tawada tana daɗewa a samanta, rinin yakan taru a inda bakin alƙalami ya tsaya. Ka rubuta harafin "l" da shuɗiyar tawada: samansa zai yi haske, gindinsa ya yi duhu, kuma in tawadar mai yawan rini ce, ka karkata shafin wajen fitila za ka ga wani jan sheƙi ya zagaye gefen harafin. Ranar da na fara ganin haka na daɗe ina jujjuya takardar, domin tawadar nan na shekara ina amfani da ita ban san tana da wannan kyau ba. Clairefontaine ma tana fito da shi, amma ba ta kai nan ba. Farinta tas ne, layi yana fita tsaf, kuma alƙalami yana sulɓi a kanta.

Wannan kyan yana da wahalarsa, wato jiran bushewa. Duka biyun suna da jinkiri, Tomoe River ta fi. Ka rufe littafi da gaggawa, rubutun zai buga a shafin da ke fuskantarsa. In kai bahago ne, ka yi tunani sosai, domin gefen hannunka na bin sahun abin da ka rubuta. Ka riƙa ajiye takardar tsotse tawada a tsakiya. Haka kuma maiƙon hannu yana sa alƙalami tsallake a takarda mai santsi, musamman a ƙasan shafi, sai ka shimfiɗa wata takarda ƙarƙashin tafinka. Tomoe River kuma saurin yamutsewa gare ta, ba ta son a yi mata garaje.

Ni shawarata, in rubutun aiki ne ko na karatu, inda ake sauri ana cika fuska biyu, ɗauki Clairefontaine ko Rhodia. In wasiƙa ce ko kundin sirri da kake zama ka rubuta a natse, kuma kana son shafuka masu yawa a littafi marar nauyi, Tomoe River ce taka.

Littafinka na yanzu kuma kada ka jefar da shi. Siririn baki yana rage zubar tawada, kuma bakin F, wato siririn baki, na alƙaluman Japan, kamar Pilot da Platinum, ya fi F na Turai siranta. Tawadar da ake haɗawa da gishirin ƙarfe, irin Salix ta Rohrer & Klingner, tana da daɗin sha'ani a takarda mai shan ruwa, sai dai tana son a riƙa wanke alƙalami a kai a kai. Ka buɗe shafin ƙarshe, ka rubuta layi uku, ka tsayar da bakin a wuri ɗaya na ɗan lokaci, sannan ka juya ka duba bayan.