Wasiƙa daga Bradford: Na sayi injin sassaƙa ƙarfe

Yaya, bayan gaisuwa, da fatan Hajiya da yara suna lafiya. Ya kasuwa, ya Panteka?

Abin da na daɗe ina buri ya samu. Na sayi injin sassaƙa ƙarfe, ɗan ƙarami, ƙirar Myford ML7, a hannun wata dattijuwa da mijinta ya rasu ya bar shi a rumfar bayan gida. A Beeston kusa da Nottingham aka riƙa ƙera irinsa tun 1946. Nan tsofaffi ne ke ajiye shi don sha'awa, suna ƙera ƙananan jiragen ƙasa, ba don neman abinci ba.

Da na buɗe shi sai na tarar wani ya ɗura giris a ramukan mai, alhali mai kawai yake sha. Giris ɗin ya daskare ya toshe hanya, ya haɗu da ɓarɓashin ƙarfe ya zama kamar kwalta. Kwana uku ina wankewa da kananzir da tsohon buroshi. Yanzu in na cika ƙoƙunan man nan biyu da ke kan boris, ina kallon man yana ɗiga ɗaya bayan ɗaya, raina har sanyi yake yi.

Wajen samun kaya kam sun fi mu, ba gardama. Kamfanin Myford ya rufe a 2011, amma wani ya sayi sunan, yana nan yankinmu na Yorkshire yana sayar da kayan gyara. Bel, noti, giyar yanka zare irin na jikin noti, ka biya ta intanet yau, jibi ɗan aike ya ƙwanƙwasa ƙofa. Wuta kuma ba ta ɗaukewa ana tsakiyar yanka.

Masu aikin hannu ne babu. Gadon injin ya cinye ta kusa da kan injin, inda aka fi aiki, na nemi mai goge shi. Da ƙyar na samu wani wuri, suka ce in jira wata biyu, kuɗin kuwa ya kusa abin da na sayi injin. Wallahi kai na tuna, Yaya. Da Kaduna ne, da la'asar za a gama, kuma ka nuna mini yadda aka yi ina tsaye. Nan ko ƙofar shagon ba za su bari ka wuce ba.

Sai tsatsa. Ku ƙurar hunturu kuke fama da ita, ni raɓa. Dare ɗaya na manta ban shafa mai ba, da safe ƙarfen ya yi ja.

Akwai abin da nake so ka koya mini: injin da inci yake awo, zaren milimita yana ba ni wahala. Ka turo mini saƙon murya yadda kuke jera giya. Ni kuma na saya maka agogon awo da wuƙaƙen yanka guda goma, suna hannun mai tahowa bayan Sallah.

Ƙaninka.