YouGlish ya gyara min bakina a Turanci

Gaskiya duk mai son gyara furucinsa na Turanci ya gwada shafin intanet na YouGlish, kyauta ne kuma. Kalma kawai za ka rubuta sai ya zaƙulo maka bidiyoyin YouTube daidai inda mutane suke faɗinta, kana ji kana karanta rubutun a ƙasa, ka zaɓi furucin Amurka ko Ingila ko Ostireliya. A nan na gane ashe ba a furta d ɗin farko na Wednesday, kuma da na ƙura wa bakinsu ido na ga yadda suke sa harshe tsakanin haƙora wajen faɗin think, abin ya min daɗi wallahi. Rage saurin bidiyon nake yi ina maimaitawa da ƙarfi. Amma fa ka tanadi data.